Mazaunin Na'urar Tayar da Batir a Cikin Mota



Mas'alar da za mu warware yau ta shafi wani ɗan akwati da ya fara yawa a hannun masu motoci, wanda girmansa bai wuce a riƙe shi a tafin hannu ba, nauyinsa kuma daga rabin kilo ne zuwa kilo guda ko sama kaɗan, yana da wayoyi biyu masu awartaki a baki, ɗaya ja ɗaya baƙa, waɗanda idan batirin mota ya yi sanyi aka maƙala su a kawunansa, sai injin ya tashi nan take, ba tare da an nemi wata mota a jona ba, ba tare kuma da an roƙi masu wucewa su kama turi ba. Yadda ake aiki da shi ba ya da wuyar fahimta, kuma mai sayarwa yakan nuna wa mai saye tun a shago. Abin da ba a cika nunawa ba, alhali kuwa a kansa amfanin na'urar duka ya rataya, shi ne inda za a ajiye ta a cikin motar tsawon watannin da ba a bukatarta.

Dattawan da suka yi zamani da tsofaffin manyan motoci suna iya tuna yaron mota tsaye a gaba, ya zura ƙarfe a hancin inji yana murzawa da iyakar ƙarfinsa har ta ɗauka. Wannan wahala ce Charles Kettering, mutumin Amurka, ya yi wa magani da sitata mai aiki da lantarki, wadda aka fara sa wa motar Cadillac a shekarar 1912, aka dogara kuwa ga batirin darma da ruwan asid wanda Bafaranshen nan Gaston Planté ya ƙirƙiro tun 1859. Daga ran nan mota ta zama baiwar batirinta, in ya mutu ta mutu. Da sauƙi a da, sa'ad da galibin motocinmu masu giyar hannu ne, domin matasa uku da ɗan gangare sun isa su raba mutum da kunya. Amma da motocin Kwatano masu giyar otomatik suka cika gari, waɗanda ko unguwa guda ta taru ta tura su ba za su tashi ba, sai turi ya daina zama mafita, ɗan akwatin nan kuma ya tashi daga kayan ƙawa ya koma kayan larura, musamman ga matafiyin dare da mata masu tuƙi su kaɗai.

To, kafin a yanke hukunci a kan mazauninsa, wajibi ne a san ɗabi'ar abin da ke cikinsa. Mafi yawan waɗanda ake sayarwa yanzu batirin litiyam ne a cikinsu, dangin wanda ke cikin wayar hannu, wanda kamfanin Sony na Japan ya fara fito da shi kasuwa a 1991, wanda kuma saboda shi aka ba masana uku, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, lambar yabo ta Nobel a fannin kimiyyar sinadarai a 2019. Falalarsa ita ce tara ƙarfi mai yawa a jiki ɗan ƙarami. Illarsa kuwa ita ce ba ya jure zafi, domin sinadaran da ke cikinsa ba sa barci ko da ba a aiki da shi, kullum suna cin juna sannu a hankali, kuma tun 1889 wani masani na ƙasar Suwidin mai suna Svante Arrhenius ya bayyana ƙa'idar da ke nuna cewa irin wannan cin juna yana ƙara sauri gwargwadon ƙaruwar zafi, har masu sana'ar suka ɗauki wani kimantawa da suke aiki da shi, cewa duk ƙarin digiri 10 yakan kusa ninka saurin lalacewar. Saboda haka ne masu ƙera na'urar suke rubuta iyakar zafin da za a ajiye ta a ciki, kuma galibi iyakar tana faɗawa tsakanin digiri 45 da 60 a ma'aunin Salshiyas.

A nan ne nake so mai sauraro ya lura da wani abu. Yawancin nasihohin da ake ji game da wannan na'ura an tsara su ne domin mutanen ƙasashen ƙanƙara, irin su Kanada da Rasha da arewacin Amurka, inda babban abin tsoro shi ne sanyi ya daskarar da batir ya rage masa kuzari, inda kuma ake gargaɗin kada a yi wa litiyam caji alhali sanyi ya kai na daskarewar ruwa. Wannan fatawa ce ta wata ƙasa, ba ta hau kanmu ba sai da gyara. Sanyin hunturu na Jos ko na Agadas, duk da kaifinsa da asuba, ba ya yi wa na'urar wani lahani da ya wuce a sa ta cikin riga na ɗan lokaci ta ji ɗumin jiki. Abokin gabarmu shi ne bazara, watau watannin Maris da Afrilu da Mayu, sa'ad da ma'auni yake haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai da Damagaram, kuma wannan awon inuwa ne, ba na cikin mota ba.

Cikin mota kuwa wani al'amari ne dabam. Hasken rana yana ratsa gilashi ya faɗa kan dashbod da kujeru, su kuma su sha shi su mayar da shi zafi, zafin ya rasa hanyar fita, sai motar ta koma tanderu. Masu bincike a jami'ar Stanford ta jihar Kaliforniya sun auna wannan, suka wallafa a 2005 cewa a cikin awa ɗaya zafin cikin motar da aka rufe a rana yana ƙaruwa da kimanin digiri 22 a kan na waje, kashi 80 cikin 100 na ƙarin kuwa yana faruwa ne a rabin awar farko, kuma sassauta gilashi kaɗan, wanda direbobinmu suka yi imani da shi ƙwarai, bai canza sakamakon da wani abin kirki ba. A 2018 wasu masanan a jihar Arizona, wadda zafinta ya yi kusa da namu, suka sake awo a ranakun da zafin waje ya kai wajen digiri 38, suka samu cewa bayan awa ɗaya a rana iskar cikin mota ta kai kimanin 47, dashbod kuwa ya kai kimanin 69. Motar da aka ajiye a inuwa kuma iskarta ta tsaya wajen 38, dashbod ɗinta wajen 48. Idan muka yi ƙiyasi da waɗannan, muka ɗauki motar ma'aikaci da ta wuni a filin ofis a Sakkwato cikin Afrilu, tun hantsi har la'asar, ba ma bukatar ma'auni kafin mu san cewa saman cikinta ya ƙetare iyakar da aka rubuta a jikin kwalin. Duk wanda ya taɓa buɗe irin wannan mota da azahar, iska mai ƙuna ta doke shi a fuska, ya cire hula ya naɗe hannu da ita kafin ya iya riƙe sitiyari, ya ɗauki ledar ruwan da ya manta a gaba ya ji ta kamar an sauke daga wuta, ya riga ya san hujjar da jikinsa.

Da wannan, hukuncin wurare biyu ya fito fili babu saɓani: saman dashbod, da kantar da ke bayan kujerun baya ƙarƙashin gilashi. Waɗannan haramun ne ga na'urar, ko da na minti talatin. Haka kan kujera, inda rana ke zagayowa ta same ta, inda kuma idon ɓarawo ke hango ta, ya fasa gilashin da ya fi ta tsada domin ya ɗauke ta. Aljihun gaba kuwa, wanda mutane da yawa suka fi so saboda kusa da hannu, ni a wurina makaruhi ne a lokacin bazara, domin ko da yake rana ba ta shiga cikinsa, yana manne da dashbod, zafin da ke sama yana gangarowa ya taru a ciki. Da damina ko hunturu babu laifi, in na'urar ta shiga an kuma rufe.

Adalci ya sa in faɗi wani abu a nan, don kada a ce mun tsorata jama'a fiye da kima. Na'ura mai kyau, ta kamfanin kirki, wadda ba ta taɓa faɗuwa ko hujewa ba, ba kasafai take kama wuta don kawai ta wuni cikin mota mai zafi ba. Cutar da zafi ya fi yi mata ɓoyayya ce: yana cinye ƙarfinta kaɗan-kaɗan, fitilunta suna nuna a cike take, sai ranar da aka maƙala ta a batir cikin dare a hanyar Birnin Gwari ko ta Damaturu, injin ya yi tari sau ɗaya ya yi shiru. Amma gobara ma ba tatsuniya ba ce. A cikin kowace ƙwayar batirin akwai wani siririn shamaki da ya raba ɓangarori biyu, da kuma ruwan sinadari mai kama wuta. Idan shamakin ya yage, ko don duka, ko don aibin ƙira, ko don zafi mai tsanani, sai ƙwayar ta shiga ƙona kanta, ta kunna maƙwabciyarta. Kamfanin Samsung, duk da girmansa da ƙwarewarsa, sai da ya janye wayarsa Galaxy Note 7 daga kasuwa a 2016 saboda irin wannan, kuma saboda haɗarin gobarar nan ne kamfanonin jiragen sama ba sa yarda a sa irin waɗannan batura a cikin kayan da ake lodawa a ƙasan jirgi, sai dai a jakar hannu inda ido ke kai. In haka ta faru ga manya, ina ga na'urar da ba ta da sunan mai ƙira a jiki, wadda aka rubuta mata lambobin ƙarfi na ƙarya aka sayar da araha a bakin titi?

Saura but. Wannan shi ne ra'ayin jamhuru, kuma hujjarsu ba mai rauni ba ce: babu gilashi a but ɗin ƙaramar mota, saboda haka rana ba ta dukansa kai tsaye, sau da yawa ma ya fi saman cikin motar sanyi, ido ba ya ganin abin da ke ciki, kuma in hatsari ya auku akwai kujera tsakanin kayan da mutane. Duk na yarda. Sai dai akwai wata tambaya da ta rushe mini wannan ra'ayi a motoci da yawa, ita ce: da me ake buɗe but ɗin? Tsofaffin motoci suna da ramin makulli a baya, ko wani ɗan mariƙi kusa da ƙafar direba da ake ja, waya ta ƙarfe ta saki ƙugiya, babu ruwansu da lantarki. Sababbi da yawa kuwa, musamman manyan nan masu ƙofar baya da ke ɗagawa sama, maɓalli ne ake dannawa, maɓallin kuma da wutar batir yake aiki. Mu ƙaddara Alhaji ya fito daga wurin ɗaurin aure, ya tarar direbansa ya bar fitila a kunne, mota ta ƙi ko motsi. Ya ce, kai, ina ɗan akwatin nan da na saya? Direba ya rusuna ya ce, ranka ya daɗe, yana but. To buɗe mana. Ranka ya daɗe, but ɗin ma sai da wuta. Daga nan sai ka ga an kwantar da kujerun baya, in ma masu kwantawa ne, an nemo yaro siriri an tura shi ta ciki yana lalube cikin duhu tsakanin tabarma da buta, manyan mutane da manyan riguna suna tsaye a rana suna ba shi umarni. Maganin da aka kulle a ɗakin da sai mara lafiya ya warke zai iya buɗewa, ai sunansa babu.

Ko a motar da but ɗinta ke buɗuwa da hannu, akwai sharuɗɗa. But ɗin mutanenmu ba fanko ba ne: akwai jak, da sifanar taya, da tarkacen ƙarafa da ke tsalle duk sa'ad da aka faɗa rami, kuma ɗaya daga cikinsu ya isa ya fasa jikin na'urar ko ya haɗa bakunan da bai kamata su haɗu ba. Akwai kuma jarkar fetur, wadda ƙarancin mai da nisan gidajen mai suka koya wa matafiya ɗauka. Tururin fetur da batirin litiyam kada su kwana ɗaki ɗaya ko da wasa. Ramin safaya kuma, wanda wasu ke yabo saboda ya fi ko'ina ƙasa, yana da aibi biyu, domin nan ne ruwa ke taruwa in robar but ta tsufa, kuma a motoci da yawa tukunyar salansa tana kusa da shi daga ƙasa, tana gasa shi a doguwar tafiya.

Akwai kuma batun ɗauri, wanda mutane suka fi rainawa. Lissafi ya nuna cewa abin da ke cikin motar da ke gudun kilomita 50 a awa, in motar ta tsaya farat ɗaya, yana ci gaba da tafiya da ƙarfin abin da ya faɗo daga tsawon kusan mita 10, watau daga saman bene mai hawa uku. A gudun kilomita 100 kuwa tsawon ya kusa mita 40, domin ƙarfin ninkawa huɗu yake yi, ba biyu ba. Kilo guda da ya taso daga kantar baya da wannan ƙarfi ya nufi ƙeyar wanda ke gaba, Allah Ya kiyaye.

Saboda haka ra'ayin da na rinjayar shi ne a ajiye na'urar a cikin ɗakin motar, a ƙasa, a inuwa, cikin jakarta da aka sayo ta da ita, wayoyin a cire a naɗe dabam, a wurin da ba za ta zame ba. Kuma a yawancin motoci wurin da ya tara waɗannan siffofi shi ne ƙarƙashin kujerar mai zaman banza, a tura ta daga baya, a ɗaure jakar da maɗauri ko a tokare ta. Zafi sama yake hawa, ƙasan mota kuwa shi ne mafi sanyin abin da ke cikinta, kujera ta yi mata rumfa, ido ba ya ganinta, kuma duk wanda ya iya buɗe ƙofa ɗaya hannunsa ya kai gare ta. Amma a duba kafin a tura: kada ta hau kan dogon ƙarfen da kujera ke gudu a kai, don kada a ja kujera a murƙushe ta, kada kuma ta danne wayoyin da ke ƙarƙashi, domin a cikinsu akwai na jakar iskar da ke kare fasinja. Ƙarƙashin kujerar direba kuwa kada a kusance shi, domin birki ɗaya mai ƙarfi ya isa ya turo ta gaba ta shige ƙarƙashin feda a daidai lokacin da ake neman taka shi. Inda kujera ta cika ƙasa da injinan lantarki babu sarari, sai a koma akwatin da ke tsakanin kujerun gaba, in yana da zurfi da murfi. Da damina kuma, ga wanda unguwarsa ke ambaliya ko hanyarsa ke ratsa kwazazzabai, sai ya ɗaga ta daga ƙasa, don ƙasan mota ne ruwa ke fara shiga.

Duk da haka, ba zan ɓoye muku ba, a tsakiyar bazara babu wani lungu a cikin motar da ta wuni a rana da zan kira amintacce. Wanda ke da rumfa a gida da inuwar darbejiya a wurin aiki, ya bar ta a mota, babu komai. Wanda kuwa motarsa ke shan rana tun safe har yamma, abin da ya fi masa shi ne na'urar ta bi shi, ya shiga da ita ofis ko shago cikin jakarsa, ya fito da ita in zai tafi. Na san abin da za a ce: ai ranar da ka manta ta a gida, ran nan batir zai mutu. Gaskiya ne, ɗan Adam ajizi ne, kuma wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da masu barin ta a mota suke da ita. Amsata ita ce a auna cutarwa biyu a ɗauki mafi sauƙi: mai yawo cikin gari, inda bakanike da mai cajin batir ba sa nisa, mantuwarsa ba ta wuce ɓata rabin awa ba, sai ya fifita kare na'urar, mai doguwar tafiya kuwa ya sa ta cikin abin da yake dubawa kafin ya tashi, tare da safaya da ruwan lagireto. Wasu suna sa ta cikin 'yar jakar nan mai riƙe sanyin abinci, ba tare da ƙanƙara ba. Dabara ce mai kyau ga tsayuwar awa ɗaya ko biyu, amma jinkirta zafi take yi, ba hana shi ba, in an wuni sai ciki da waje su daidaita.

Ajiya kuma ba ta cika sai da duba. Na'urar tana zubar da cajinta a hankali ko ba a taɓa ta ba, a zafi kuwa zubar ta fi sauri. Masu ƙira sukan ce a sake cika ta bayan wata uku zuwa shida, mu a nan sai mu riƙi ukun, da bazara ma a leƙa ta kowane wata. Masana sun ce litiyam ya fi daɗewa in an ajiye shi da kimanin rabin caji, amma rabin caji ba lalle ya tayar da babban inji ba, don haka wannan maslaha ce da za a sarayar saboda wadda ta fi ta; abin da aka tanada don ranar tsanani a cike ake ajiye shi. Sai dai kada a yi mata caji tana da zafi. A shigo da ita ɗaki, a bar ta ta huce, a jona ta a kan siminti ko tebur, nesa da katifa da labule, kuma kada a kwana a bar ta a jone. Ranar da aka ga cikinta ya kumbura, ko jikinta ya tsage, ko tana wani wari mai zaƙi-zaƙi, to amanarta ta ƙare: a fitar da ita daga mota da ɗaki, kada a huda ta don a ga abin da ke ciki, kada kuma a jefa ta a bolar da ake cinna wa wuta.

Wanda bai riga ya saya ba yana da zaɓi. Akwai irin da ke da litiyam mai haɗin ƙarfe da fosfet, wanda ya fi na gama-gari haƙuri da zafi da wuyar kama wuta. Akwai kuma wadda ba ta da batir sam, sai wasu ma'adanan lantarki da ake kira kafasita, wadda ke zuƙar ɗan abin da ya rage a batirin motar cikin 'yan mintoci, ta tara shi, ta mayar da shi gaba ɗaya. Ita wannan zaman mota bai dame ta sosai ba, sai dai in batirin ya mutu murus dole a nemo mata wuta daga wani wuri.

Abu na ƙarshe gwaji ne da nake roƙon kowane mai mota ya yi a ƙofar gidansa, da rana, hankali kwance. Ya kulle motar, ya ajiye rimot a gefe kamar ba ya aiki, ya zaro ɗan makullin ƙarfen da ke ɓoye a cikinsa, ya nemi raminsa a ƙofar direba, wanda a wasu motocin an rufe shi da marfin roba sai an ɓamɓare, a wasu kuma ƙurar hunturu ta shekaru ta toshe shi har sai an ɗiga masa mai. In ƙofa ta buɗe, ya miƙa hannu ya ga ko ya kai ga na'urar, ya ja marfin bonet, ya tabbatar ya san inda batirin yake, domin wasu motocin Jamus a but ko ƙarƙashin kujera suke ɓoye shi, su bar wani jan kai a gaban inji don a maƙala waya a nan.